ƊAN MOWA DA ƊAN BORA: TARIHIN BIRNIN BUNDANG



Mutanen Koriya ta Kudu suna da wata magana da suke yi, rabi wasa rabi gaske, wai daga Aljanna sai Bundang. A bakinsu maganar ta fi daɗi, domin kalmar da suke kiran Aljanna da ita, wato "chondang", ƙarshenta ɗaya ne da sunan garin, sai abin ya fito kamar kirarin maroƙi. Shi wannan Bundang yana kudu maso gabashin Seoul, babban birnin ƙasar, tafiyar kimanin kilomita 25 daga tsakiyar gari. Duk mai kallon finafinan Koriya, irin waɗanda 'ya'yanmu mata ke raba dare a kansu yanzu, ya san kamannin irin wannan wuri ko da bai san sunansa ba: dogayen benaye jere reras, kai ka ce uwa ɗaya ta haife su, kowanne da ƙatuwar lamba a rubuce a gefensa don kada mai gida ya ɓata ya shiga na maƙwabci.

To amma ga abin da ya ja hankalina har na ɗauki biro. A dokar ƙasar, Bundang ba birni ba ne mai cin gashin kansa. Gunduma ce ɗaya daga cikin gundumomi uku na wani birni da ake kira Songnam, magajin garinsu ɗaya, baitulmalinsu ɗaya. Amma ka tambayi mutumin can inda yake zaune, zai ce maka Bundang, da wuya ka ji Songnam a bakinsa. Mu da muka daɗe muna rubuta labarin gidan mata biyu mun san wannan halin tun daga nesa. Ɗan mowa ne ke jin nauyin a haɗa sunansa da na ɗan bora, alhali uba ɗaya ya haife su. Uban nan kuwa gwamnati ce, kuma shekara ashirin ce tsakanin haihuwar biyu. Ba za a gane ƙanen ba sai an fara da wan, don haka mai karatu ya yi mini haƙuri mu koma baya tukuna.

Yaƙin Koriya ya tsaya a 1953, ya bar ƙasar a ragargaje. 'Yan gudun hijira daga Koriya ta Arewa da talakawan ƙauye suka yi ta kwarara Seoul neman abin sawa a baka. A 1960 mutanen birnin ba su wuce miliyan biyu da rabi ba, amma zuwa 1970 sun haura miliyan biyar. Wanda ya zo bai sami masauki ba sai ya nemi katako da kwali da tsohon kwano ya kafa bukka a gefen rafi ko a kan tudu, unguwannin share-wuri-zauna suka mamaye ko'ina. Janar Park Chung-hee, wanda ya ƙwace mulki a 1961, ba ya son ganin wannan abu a tsakiyar babban birninsa. A 1966 ya naɗa wani tsohon soja mai suna Kim Hyun-ok magajin gari, mutumin da saboda son rusau da gini har laƙabi aka yi masa da Katafila.

Katafila ya zo da magani iri biyu. Na farko, a gina wa talakawa benaye masu araha a kan tuddai, cikin gaggawa. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Wau, ya rufta ranar 8 ga Afrilu, 1970, 'yan watanni bayan an gama shi, ya kashe mutum sama da 30, abin da ya ci kujerar magajin garin ke nan. Magani na biyu shi ne a kwashe mutanen ɗungurungum a fitar da su daga Seoul. Aka sayi wasu tuddai masu arha a ƙasar Gwangju, bayan iyakar birnin ta kudu maso gabas. Kada a rikita wannan wuri da babban birnin Gwangju na can kudancin ƙasar inda sojoji suka kashe jama'a a 1980, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Daga 1969 manyan motoci suka fara jigila. A rushe maka bukka, a loda ka da matarka da 'ya'yanka da tukwanenka, a ce ana kai ka sabon gari inda akwai fili naka na kanka, ga masana'antu, ga aikin yi. Da aka sauke su me suka tarar? Tuddai ne da aka sare wa itatuwa, jar ƙasa zalla, an shata wa kowane magidanci fili mai faɗin "pyong" 20 a ma'auninsu, wato kimanin murabba'in mita 66, wanda bai kai kashi ɗaya cikin uku na fulotinmu mai 50 da 50 ba. Babu famfo, babu lambatu, bandaki sai an yi layi, iyali biyu ko fiye a cikin tanti guda. Masana'antun da aka ambata yawancinsu a takarda suke. Aikin lebura yana Seoul, motar zuwa can ba ta da yawa, kuma kuɗin motar ma ya fi ƙarfin mai yunwa. Ba wai mantuwa aka yi ba, tsarin ne haka: a fara zuba mutane, in sun taru ƙasar wurin ta yi daraja, sai hukuma ta sayar da filayen da ta keɓe, da kuɗin ta yi titi da ruwa. Wato da jikin talakan za a tara jarin gina masa gari. Zuwa 1971 an jibge mutum sama da 100,000 a wurin.

Da yunwa ta yi yawa, mutane da dama suka sayar da takardar filinsu ga dillalai suka koma Seoul suka sake kafa bukka. Waɗanda suka sayi takardun su ma yawancinsu ba masu hali ba ne, ƙananan ma'aikata ne da 'yan tireda da suka tattara abin da suka mallaka don su ma a ce sun yi gida. Shekarar 1971 shekarar zaɓe ce, 'yan siyasa suka zo suka yi ta zuba alkawari, farashin takarda ya yi sama. Ana gama zaɓe sai ga sanarwa: duk wanda sayen takarda ya yi, ya biya hukuma won 8,000 zuwa 16,000 a kan kowane pyong, ninkin-ba-ninkin abin da aka yanka wa waɗanda aka kwaso tun farko, kuma a biya a dunƙule cikin ɗan lokaci. Ana cikin wannan kuka sai ga takardar haraji daga gwamnatin lardi.

Nan tura ta kai bango. Ranar 10 ga Agusta, 1971, dubun-dubatar mutane suka taru cikin ruwan sama suna jiran sabon magajin garin Seoul, Yang Taek-shik, wanda ya yi alkawarin zuwa ya saurare su. Lokaci ya wuce ba su gan shi ba. Sai taro ya rikiɗe, aka cinna wa ofishin hukuma wuta, aka ƙone motoci, aka ƙwace wasu da niyyar a tafi Seoul da su, aka yi ta dauki-ba-daɗi da 'yan sanda har kimanin awa shida. Kafin dare gwamnati ta ce ta amince da buƙatunsu. Gwamnatin Park ce fa, wadda ba a san ta da lanƙwasa ba. An kama mutum ashirin da wani abu, kuma shekara da shekaru abin da aka riƙa kiran ranar da shi shi ne tarzomar 'yan iska.

A nan zan ɗan ratse, domin sana'a ba ta ɓuya. Wani marubucinsu mai suna Yun Heung-gil, wanda ya taɓa zama a garin, ya fitar da labari a 1977 a kan wani mutum da ya ɓace ya bar takalma ƙafa tara. Jarumin mai ilimin jami'a ne, ya sayi irin takardar nan, ba ruwansa da zanga-zanga, yana ma ganin ya fi ƙarfin shiga cikin gayyar. Abin da ya juya shi shi ne ganin wata 'yar kurkura mai ɗauke da 'ya'yan itace ta kife a tsakiyar rikicin, masu jifa suka watsar da duwatsu suka rufar wa kayan suna tsinta daga cikin taɓo suna ci. Daga nan bai san lokacin da ya tsinci kansa a gaban taro ba. Ya yi zaman kurkuku, ya rasa komai, abin da ya rage masa na mutunci shi ne takalman da yake gogewa kullum har suna ƙyalli. Ni dai ban ga littafin tarihin da ya bayyana yunwar wannan wuri kamar wannan kifewar mota ba.

Ranar 1 ga Yuli, 1973 aka ɗaga wurin ya zama birni, aka sa masa suna Songnam, wato kudu da ganuwa, saboda tsohuwar ganuwar Namhansansong da ke kan dutsen da ke kallonsa. Sannu a hankali aka kawo ruwa da wuta da masana'antu, tantuna suka koma gidajen jan bulo, bango na jingine da bango. Amma zanen farko bai gyaru ba. Wanda ya shata titunan a kan tebur bai damu da tudu da gangare ba, layi kawai ya ja, shi ya sa har yau akwai lungunan da suka miƙe tsaye kamar tsani. Ga kuma filin jirgin saman soja a gefe, wanda saboda shi doka ta daɗe tana hana dogon gini a tsohon garin. Cikin waɗanda suka iso a 1976 akwai wani yaro ɗan ƙauye daga yankin Andong, ya gama firamare ke nan. Ubansa shara yake yi a kasuwa, uwarsa na karɓar kuɗin bandakin kasuwar, shi kuma maimakon sakandare sai aka sa shi aikin masana'anta, inda inji ya matse masa hannu ya bar shi da nakasa. Mai karatu ya riƙe wannan yaro a ransa, za mu dawo kansa.

Yanzu sai mu tsallaka zuwa 1988. Koriya ta sauya kamar ba ita ba. Tana sayar wa duniya motoci da jiragen ruwa da talabijin, ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, mutanen Seoul sun kai miliyan goma. Kuɗi ya wadata a hannun jama'a, amma gida ya yi ƙaranci. Unguwar Gangnam ta kudancin kogin Han, wadda gonaki ce kafin shekarun 1970, ta zama inda kowa ke mafarki, musamman da yake gwamnati ta mayar da fitattun makarantun sakandare can. Farashin gida ya riƙa tashi kamar an sa masa yis. Masu haya suka fi shan wuya, saboda irin hayar da aka fi yi a can, wadda suke kira "jonse". Ta yi kama da jinginar gida a wurinmu: ba kuɗin wata za ka riƙa biya ba, dunƙulallen kuɗi za ka damƙa wa mai gida, wani lokaci rabin darajar gidan ko fiye, ya juya su, ranar da za ka tashi ya mayar maka da abinka cif. To in ya ce a ƙaro masa, ko ka nemo ko ka kwashe kayanka. Kafin ƙurar ta lafa, a farkon 1990, sai da jaridu suka yi ta kawo labarin magidantan da suka kashe kansu saboda sun rasa cikon jingina.

Shugaban ƙasa a lokacin shi ne Roh Tae-woo. Shi ma tsohon janar ne, amma ta akwati ya hau, a zaɓen Disambar 1987, kuma da ƙyar, domin ƙuri'unsa kaɗan suka ɗara kashi ɗaya cikin uku. Bayan 'yan watanni 'yan adawa suka rinjaye shi a majalisa. A ganina duk bambancin 'ya'yan nan biyu daga nan ya taso. Masu kukan gida a wannan karon ba 'yan bukka ba ne da za a loda a mota. Ma'aikatan banki ne da injiniyoyi da malaman makaranta, waɗanda suka fito titi da laktayen wuyansu a watan Yunin 1987 har mulkin soja ya sassauta, kuma kowannensu na da ƙuri'a. Roh ya yi alkawarin gida miliyan biyu cikin shekara biyar. Ranar 27 ga Afrilu, 1989 aka ba da sanarwar gina sababbin birane biyu, Bundang a kudu da Ilsan a arewa maso yamma. Da aka haɗa su da Pyongchon da Sanbon da Jungdong suka zama biyar, gidaje kimanin 290,000. Bundang ne babbansu: gida kusan 97,000 don mutum 390,000, a fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 20.

Wurin da aka zaɓa kwarin kogin Tanchon ne, kudu da tsohon Songnam, fadamun shinkafa da gonakin kayan lambu. Tun zamanin Park aka taƙaita gini a yankin, don haka ya zauna a shimfiɗe, fili fetal, ga shi a bakin babbar hanyar Seoul zuwa Busan, ga shi kusa da Gangnam. Dubi ikon Allah: talakawa aka kai kan tudu, shimfiɗaɗɗen wurin kuma ya zauna shekara ashirin yana jiran masu shi. Sunan ma ba wani tsohon suna ba ne, Japanawa 'yan mulkin mallaka ne a 1914 suka haɗa ƙauyuka biyu, Bunjom da Dangu, suka ɗauki kan wannan da kan wancan. Akwai mutane sama da 10,000 da ke zaune a wurin, kuma ba da daɗin rai suka tashi ba. Sun yi zanga-zanga a kan diyya, kuma kamar kullum mai takardar gona ya sami abin da ya samu, mai noman haya ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da ya tsira shi ne maƙabartar wata tsohuwar zuri'a da ake kira Yi na Hansan, da wani gidansu mai jinka, waɗanda aka bari a tsakiyar babban lambun shaƙatawa na garin.

Saurin da aka yi aikin da shi abin a riƙe baki ne. A Nuwambar 1989 aka buɗe gidajen gwaji don masu saye su gani, jama'a suka yi cincirindo har hanya ta toshe, masu nema suka ninka gidajen sau gomomi, sai da aka koma ƙuri'a. A Satumbar 1991 mutanen farko suka tare. Shekara biyu da wata biyar ke nan daga sanarwa zuwa ɗaura labule. A Disambar wannan shekarar ce Janar Babangida ya tare a Abuja, wadda aka yi dokar kafa ta tun 1976. Ban kawo wannan don in yabi wani in kushe wani ba, domin saurin nan ya zo da kuɗinsa. Gina gida miliyan biyu a lokaci ɗaya ya cinye simintin ƙasar da rodinta, sai da aka shigo da siminti daga Sin. Yashin kogi ya yi ƙaranci, wasu 'yan kwangila suka koma ɗibar na teku, wanda in ba a wanke gishirinsa sosai ba yakan sa rodi tsatsa a cikin kankare. Lebura da birkila suka yi tsada. A 1991 asiri ya tonu cewa an zuba kankare marar ƙarfi a wasu gine-ginen sababbin biranen, hankalin masu saye ya tashi, gwamnati ta sa aka bi ana dubawa.

Mutanen farko su ma sun sha ƙura da taɓo da ƙarancin mota, domin jirgin ƙasa bai iso ba sai a Satumbar 1994. Amma ina aka haɗa wannan da tanti? Wanda ya tare a Bundang ya murɗa famfo ruwa ya zo, ya tarar da titi a shimfiɗe, filin makaranta da na asibiti da na lambu duk an ware su tun a takarda. A wancan karon mutane aka fara kaiwa, gari ya biyo baya da rarrafe. A wannan karon gari aka fara kaiwa. Kuma maganin ya ci, domin daga 1991 farashin gida a Seoul ya fara sauka, ya zauna lafiya na shekaru. Zuwa 1996 an kammala aikin.

To wane irin gari ne ya fito? An kasa benayen rukuni-rukuni, kowane rukuni aka kira shi "maul", wato ƙauye. Akwai Ƙauyen Bakan Gizo, akwai Ƙauyen Furen Wardi, akwai wanda aka sa wa sunan tsuntsu. Wannan ya ba ni dariya ya kuma ba ni tausayi: an share ƙauyukan gaske da katafila, sannan aka ɗauki sunan ƙauye aka liƙa wa bene mai hawa ashirin. Kowane rukuni da firamarensa da filin wasan yara da 'yan shaguna a kusa, ga hanyoyin ƙafa masu gadoji a kan manyan tituna don yaro ya je makaranta ba tare da ya yi karo da mota ba. Zafin ɗumama ɗaki a lokacin sanyinsu mai ƙanƙara daga tasha ɗaya ake turo shi ta bututu zuwa dubban gidaje. Bakin kogin Tanchon aka mayar da shi wurin tattaki da hawan keke. Da gangan aka yawaita manyan gidaje masu ɗakuna da yawa, don a janyo mutanen Gangnam, kuma sun janyu.

A shekarun farko garin kwana ne kawai. Da asuba maza su ɗunguma Seoul, gari ya zama na mata da yara har dare. Babbar sana'ar da ta kafu ita ce karatun 'ya'ya. Yaro ya tashi daga makaranta ya faɗa makarantar lesin, daga lissafi zuwa Turanci zuwa kiɗa, ba ya ganin gida sai wajen ƙarfe goma na dare, iyaye mata kuma hirarsu wane malami ne ya fi, ɗan wa ya ci wace jarrabawa. Abin da na lura da shi shi ne, gari ne da kowa baƙo ne. Duk cikin shekara biyar suka zo, shekarunsu kusan ɗaya, samunsu kusan ɗaya, babu dattijon da zai nuna maka inda kakansa ya haƙa rijiya. Inda babu asali kuwa dole a nemi abin tinƙaho, sai adireshi ya zama shi ne asalin. Faɗi sunan rukuninku da faɗin gidanku, an san ko kai wane ne. A irin wannan hali, me zai sa mutum ya yarda a kira shi da sunan garin 'yan tanti? Tun a shekarun 1990 mazauna Bundang suka tayar da ƙayar baya cewa a ba su birninsu, hujjarsu ita ce harajinsu ne ke tafiya gyaran tsohon gari. Ba su yi nasara ba. Da aka tashi gina sabuwar sakatariyar birni, wadda aka buɗe a 2009, sai aka kafa ta a tsakanin ɓangarorin biyu, kamar maigidan da ya rasa ɗakin da zai ajiye akwatinsa ya bar shi a tsakar gida.

Abin da ya fitar da Bundang daga zama garin kwana shi ne aikin yi ya biyo mutane. Kamfanin sadarwa na KT da wasu manyan hukumomin gwamnati suka kafa hedikwata a can, ko da yake daga baya an mayar da wasu hukumomin larduna. Asibitin Jami'ar Seoul ya buɗe reshe a 2003. Kamfanin Naver, wanda 'yan Koriya suka daɗe suna bincike da shi a intanet fiye da Google, ya tare a sabon gininsa na unguwar Jongja a 2010. Sannan aka gina wani sabon gari a jikinsa, Pangyo, wanda shi ma cikin gundumar yake. Da aka fara sayar da gidajensa a 2006 mutane caca suka riƙa kiran abin, don wanda ƙuri'a ta faɗa wa ya warke. Pangyo ta zama matattarar kamfanonin kwamfuta da wasanninta, irin su Kakao da Nexon da NCSoft. A 2011 aka buɗe sabon layin jirgi mai kai mutum Gangnam daga Jongja cikin minti 16. Yanzu da safe jirgi cike yake zuwa, cike yake komawa. Ƙasar ta san nauyin wurin a Oktobar 2022, ranar da gobara ta tashi a wani ginin adana bayanai a Pangyo, manhajar KakaoTalk ta ɗauke, miliyoyin mutane suka kasa aika saƙo ko kiran tasi. Ilsan kuwa, wadda aka yi sunansu rana ɗaya, da ƙaton tafkinta mai kyau, ba ta sami irin waɗannan kamfanoni ba, ga ta nesa da Gangnam, shi ya sa gidajenta ba su kama ƙafar na Bundang a daraja ba.

Mu koma kan yaron nan mai nakasasshen hannu. Sunansa Lee Jae-myung. Ya yi karatu da kansa ya ci jarrabawar da ke madadin sakandare, ya karanta shari'a, ya dawo Songnam yana lauyan ma'aikata. A 2010 aka zaɓe shi magajin garin Songnam baki ɗaya, har da Bundang, ya yi shekara takwas, daga nan ya zama gwamnan lardin Gyonggi. Da ya nemi shugabancin ƙasa a 2022, gundumomi biyu na tsohon gari suka ba shi rinjaye, Bundang kuwa ta bi abokin hamayyarsa Yoon Suk-yeol, wanda ya ci zaɓen da ƙyar. Yoon ya ayyana dokar soja a Disambar 2024, aka tsige shi, kuma a zaɓen 3 ga Yuni, 2025 ɗan masu sharar kasuwa ya zama shugaban ƙasa. Kafin nan, a 2021, shekara hamsin cif bayan ranar ruwan saman nan, hukumar birnin ta sauya wa abin da ya faru suna a hukumance, daga tarzoma zuwa gwagwarmayar neman haƙƙin jama'a.

Shi kuma ɗan mowa tsufa ya zo masa da wuri. Garin da aka gina a lokaci ɗaya, a lokaci ɗaya yake tsufa. Bututun ruwa sun yi tsatsa, wurin ajiye mota da aka auna da motocin 1990 ya yi kaɗan, yaran da aka gina makarantu dominsu sun girma sun tashi, ga haihuwa ta ja baya a ƙasar, har a 2025 aka rufe wata ƙaramar sakandare a Bundang don rashin ɗalibai. Ranar 5 ga Afrilu, 2023 gefen masu tafiya a ƙafa na gadar Jongja, wadda aka gina a 1993, ya rufta cikin kogin Tanchon, mace ɗaya ta rasu, namiji ɗaya ya ji rauni. Da aka bi sauran gadojin kogin aka duba, aka tarar da yawa suna buƙatar babban gyara.

Amma kada mai karatu ya ɗauka masu gidajen suna baƙin ciki da tsufan benayensu. A Koriya, in bene ya kai shekara talatin ana iya neman izinin rushe shi a gina wanda ya fi shi tsawo, masu gida su sami sabo, a sayar da ƙarin gidajen a rage kuɗin aiki. Saboda haka idan masu bincike suka ce gini ya lalace, sai ka ga an rataya ƙyallen taya murna a ƙofar rukuni, domin darajar gida ta tashi ke nan. A Disambar 2023 majalisa ta yi doka ta musamman don sake gina waɗannan birane, rukunonin Bundang suka shiga gasa, ana bi gida-gida ana karɓar sa hannu, kowa na roƙon a fara rushe nasa. Iyayen wasu a 1969 kuka suke yi in sun hango katafila, waɗannan kuwa layi suke bi. A Nuwambar 2024 aka fitar da zaɓin farko, gida kusan 11,000 a Bundang, da burin a fara aiki a 2027. Cikin waɗanda aka zaɓa akwai rukunin Yangji, wato Ƙauyen Hantsi, kuma a cikinsa ne gidan da Lee Jae-myung ya saya a 1998 yake, tun yana lauya.